Makamashi da abinci: Ina Kano take a lissafin hayaƙin duniya?

Kusan kashi ɗaya cikin uku na iskar da ke ɗumama duniya, wadda ɗan Adam ke fitarwa, daga harkar abinci take fitowa, tun daga gona har zuwa tukunya.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce a shekarar 2019 adadin ya kai tan biliyan 16.5.

Daga ciki, tan biliyan 5.8 ba a gona aka fitar ba. Ya fito ne daga sarrafa takin zamani, da masana'antu, da sufuri, da sanyaya abinci, da girki, da kuma shara.

Bambancin ƙasashe

A Amurka da Turai, makamashi na da kaso mai tsoka: man tarakta, da wutar masana'antu, da firjin manyan kantuna.

A Brazil da Indonesiya kuwa, sare dazuzzuka domin noma da kiwo shi ne kan gaba. Sin ta fita daban, saboda da kwal take sarrafa akasarin takin zamaninta.

Idan aka haɗa dukkan man fetur da gas da kwal da ake ƙonawa, ɗan Najeriya ɗaya bai fitar da tan ɗaya a shekara, alhali Ba'amurke ya haura tan 13.

Gonakin arewacin Kano

A yankunan Minjibir da Ɗambatta da Bichi da Dawakin Tofa, jama'a sun yi yawa, gonaki ƙanana ne, kuma ba a barin su su huta.

Masanin nan ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace, su komo da taki.

Noman gero da dawa da wake da gyaɗa a nan ya dogara ne ga fartanya da garmar shanu da takin gargajiya. Ƙarfin mutum da na dabba ba sa shiga lissafin man fetur, shi ya sa kason manomin yake kusan babu.

Amma al'amura sun sauya. Masu noman rani a bakin madatsun Watari da Tomas suna jan ruwa da injin mai shan fetur. Injin niƙa ya karɓe aikin turmi da dutse a garuruwa da dama, kuma manyan motoci masu shan dizal ne ke kwashe hatsi daga kasuwar Dawanau.

Janye tallafin fetur da Shugaba Bola Tinubu ya yi a watan Mayun 2023 ya sa kuɗin ban ruwa ya tashi, lamarin da ya tura wasu manoma ga injin mai aiki da gas ko hasken rana.

Inda lissafin ke da gyara

Babban makamashin abinci a ƙauyen Kano yana murhu ne, wato itace da karan dawa.

Sai dai bisa ƙa'idar da ƙasashe ke bi wajen kai rahoto, iskar kabon da itace ke fitarwa ba a sanya ta a jimillar makamashi. Ana lissafa ta ne ƙarƙashin amfani da ƙasa, idan itatuwa suka ragu.

Wannan na da muhimmanci a Kano, domin Mortimore ya gano cewa manoma na rainon itatuwa irin su gawo da ɗorawa da kuka a gonakinsu, suna sassabe rassa ba tare da kashe bishiyar ba. Itacen da manyan motoci ke kawowa birni daga dazuzzuka masu nisa, labarinsa daban ne.

Akwai kuma batun ciniki. Ana ɗora hayaƙi ne a kan ƙasar da aka fitar da shi, ba wadda ta ci moriya ba.

Masana'antar takin Dangote da ke Lekki a Legas, wadda aka buɗe a 2022, za ta iya sarrafa tan miliyan 3 na yuriya a shekara da iskar gas. Takin da ta sayar wa Brazil, hayaƙin sarrafa shi na kan Najeriya, yayin da hayaƙin noman alkamar da ake shigowa da ita domin burodin Kano ke kan ƙasashen da suka noma ta.