CODESA: Zaman Sulhun da Ya Kawo Ƙarshen Mulkin Wariya a Afirka ta Kudu

CODESA shi ne taron jam'iyyu da ƙungiyoyi 19 da aka buɗe ranar 20 ga Disamba 1991 a Kempton Park, kusa da Johannesburg, domin shata yadda mulki zai fita daga hannun tsirarun farar fata. Jihar Filato ta Najeriya ma tana da hannu a share fagensa. Manjo Janar Joseph Garba, ɗan Langtang, wanda daga baya ya shugabanci Cibiyar Nazarin Manufofi ta Kuru, shi ne shugaban Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Disamba 1989, lokacin da ta fitar da sanarwar da ta gindaya sharuɗɗan zama: a saki fursunonin siyasa, a ɗage haramcin jam'iyyu. Wata biyu bayan haka Shugaba de Klerk ya halatta jam'iyyar ANC, ya saki Nelson Mandela.

Tun ranar farko ta taron CODESA aka sa zare. De Klerk ya zargi ANC da ƙin rusa rundunarta, Mandela kuwa ya koma kan mumbari ya wanke shi tas a bainar jama'a.

Amma ainihin rigimar ta lissafi ce. Kashi nawa na 'yan majalisa ake bukata kafin a zartar da sabon tsarin mulki? ANC ta ce biyu bisa uku, har ta sassauta zuwa 70. Gwamnati ta kafe a kan 75 a wasu muhimman sassa, wato dai tana neman ikon taka wa masu rinjaye birki. Nan zama na biyu ya watse a Mayu 1992. Kisan mutum 45 a Boipatong cikin Yuni ya sa ANC ta janye ɗungurungum.

Cyril Ramaphosa na ANC da Roelf Meyer na gwamnati ne suka ci gaba da ganawa a bayan fage, Joe Slovo na ɓangaren ANC kuma ya kawo shawarar gwamnatin haɗaka ta wucin gadi, wadda ta kwantar wa ma'aikata Turawa hankali. An koma teburi a Afrilu 1993 da ɓangarori 26. Kisan Chris Hani, jigo a ANC, bai tarwatsa zaman ba, haka ma motar sulke da 'yan AWB, ƙungiyar Turawa masu tsattsauran ra'ayi, suka fasa ƙofar zauren da ita.

An amince da tsarin mulkin wucin gadi a Nuwamba. Jam'iyyar Inkatha ta Buthelezi sai saura mako guda ta shiga zaɓen 27 ga Afrilu 1994, inda ANC ta samu kashi 62.6, ƙasa da biyu bisa ukun da aka yi ta jayayya a kai.