Daga farce zuwa gam: tarihin yadda aka rufe mana batirin waya 🧵

1/ Akwai lokacin da idan batirin wayarka ya mutu, farce kawai za ka sa ka ɓalle murfin baya, ka sayi sabo a bakin titi, ka ci gaba da harkarka. Yau sai an ɗumama wayar an ɓamɓare gam. Ya aka yi muka zo nan? Ku gyara zama, zaren yana da ɗan tsawo.

2/ Batirin caji ya girmi waya nesa ba kusa ba. A 1859 Gaston Planté, ɗan Faransa, ya haɗa na dalma da asid, kakan wanda ke cikin mota yanzu. A 1899 Waldemar Jungner, ɗan Suwidin, ya yi na nikel da kadmiyom, wato NiCd. Ku riƙe sunan nan.

3/ NiCd ne a cikin wayar hannu ta farko da aka kai kasuwa, Motorola DynaTAC 8000X ta 1983. Kuɗinta dala 3,995. Sai ta sha caji na kusan awa 10 kafin ka yi magana ta minti 30. Ka ce kai ne kake korafin batir 😅

4/ NiCd yana da wani hali. Idan kullum kana jona shi kafin ya ƙare, ƙarfinsa kan faɗi da wuri kamar ya haddace iyakarsa. Kuma wasu siraran ƙwayoyi kan tsiro a cikinsa su haɗe wuta. Magani: a zuƙe shi sarai a sake cikawa, ko a ba shi wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci ta ƙone su.

5/ Daga zamanin nikel muka gaji shawarwarin nan: sabuwar waya sai ta yi awa 8 a caji, kada ka jona sai ta mutu. A lokacinsu suna da tushe. Ko Nokia 3310 ta shekarar 2000 da batirin nikel ta fito, samfurin NiMH.

6/ Sai litiyom ya shigo. Stanley Whittingham ya fara aikin a kamfanin mai na Exxon a shekarun 1970. John Goodenough ya ɗora a Oxford a 1980, Akira Yoshino ya kammala a Japan a 1985, Sony ya kai kasuwa a 1991. Su ukun sun sami kyautar Nobel a 2019, Goodenough yana da shekara 97.

7/ Litiyom ba ya hadda irin ta NiCd. Abin da ya tsana shi ne zafi, da barinsa ya kai sifili, da daɗewa a cike fam. Wato kusan kishiyar wancan. Batir ya canja, shawarar yayyenmu ba ta canja ba.

8/ GSM ta iso Najeriya a Agustan 2001. A 2003 Nokia ta fitar da 1100, mai tocila, wadda aka sayar da sama da miliyan 250. A cikinta akwai batirin litiyom da duk ɗan lokacin ya san sunansa ko bai san komai a waya ba: BL-5C.

9/ BL-5C ya zama kamar gishiri, ko'ina yana shiga. Nokia kala-kala, ƙananan wayoyin China, rediyo, sifika. Je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano yau ɗin nan ka tambaya, za a miƙo maka. Batirin da ya haura shekara 20 yana ciniki.

10/ Na riski ƙarshen zamanin ina firamare, ni ake aika wa wurin mai caji. Ba waya ake kaiwa ba, batir ake cirewa. Mai caji ya manna masa lamba, ya matse shi a caja mai ƙafafun ƙarfe biyu, janareto na kuka a gefe. Mai hali yana da batir biyu, ɗaya a waya ɗaya a aljihu.

11/ A nan dabarun tayar da matacce suka yi kasuwa. A lasa da harshe a ji ko da sauran wuta. A murza a kan tebur, idan ya yi ta juyi to ya yi ciki. Wani ya sa a firiza, wani ya shanya a rana, mai ƙarfin hali ya huda kumburin da allura.

12/ A cikinsu duka, farfaɗowa ɗaya ce ta gaske. Batirin waya yana da ɗan allo mai gadi. Idan wutar ta sauka ƙasa da kusan bolt 2.5, sai ya yanke hanya, waya ta ƙi karɓar caji. Mai gyara ya ba shi wuta kaɗan-kaɗan har ya tashi. Wannan barci ya yi, bai mutu ba.

13/ Tsufa daban ne. Kowane caji, wani ɗan litiyom yana maƙalewa a ciki, ba ya dawowa. Firiza ba ta fito da shi. Apple da kansa ya ce baturan iPhone 14 zuwa ƙasa an yi su ne su riƙe kashi 80 bayan cikakken caji 500. Kumburi kuwa iskar gas ce, huda shi neman gobara ne.

14/ To in tsoho ba ya tashi, sai canji. Nan aka fara rufe ƙofa. iPod ya fito a 2001 da batir a kulle. A 2003 'yan'uwa biyu a New York, Casey da Van Neistat, suka yi bidiyon korafi da ya karaɗe intanet. A ƙarshen shekarar Apple ya fara canja batir a kan dala 99.

15/ iPhone ta zo a 2007, ita ma a kulle. Samsung ya riƙe murfi mai ɓalluwa har Galaxy S5 ta 2014, ya rufe a S6 ta 2015. Hujja: siranta da hana ruwa shiga. Akwai gaskiya a ciki. Amma fa S5 ana cire batirinta, kuma tana jure ruwa. Ku yi tunani a kai.

16/ Ga kwatancin da ya fi tsaya min a rai. A 2007 Nokia ya sanar cewa BL-5C miliyan 46 na iya ɗaukar zafi, ya ce a zo a canja batir, waya tana hannunka. A 2016 Galaxy Note 7 ta fara kama wuta, sai da aka janye waya sukutum kusan miliyan 2.5, aka hana hawa jirgi da ita.

17/ Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone saboda batirinsu ya tsufa, don kada su riƙa mutuwa. Mutane da yawa sun ɗauka waya ce ta gaji. Ya rage kuɗin canji daga dala 79 zuwa 29, Faransa kuma ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020.

18/ Yanzu doka ce ke ƙoƙarin buɗe ƙofar. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023: daga Fabrairun 2027 mai na'ura ya iya canja batirinta da kansa. Akwai togaciya ga wayoyi masu jure ruwa da batir mai ƙarko. Daga Yunin 2025 kuma dole batirin waya ya riƙe kashi 80 bayan caji 800.

19/ Ina ruwanmu da dokar Turai? Dokarsu ce ta sa iPhone ta koma USB-C a 2023, har mu muka gani a ƙasa. Kuma da yawanmu 'yar hannu muke saya, batir ya riga ya ci rabin rayuwarsa a wata ƙasa kafin ya haɗu da zafin Afrilu. Batirin da ake iya canjawa shi ne tsakanin gyara da sayen sabuwa.

20/ A taƙaice: wanda ya yi barci a kai shi wurin mai gyara. Wanda ya tsufa a canja shi. Wanda ya yi ciki a daina caji nan take, kada a huda, kada a jefa a bolar da ake ƙonawa. Tura wa abokin nan naka mai sa batir a firiza. Wa ya tuna nawa ya sayi BL-5C ɗinsa na ƙarshe? 👇