Ƙudan tsando da kafuwar Takalafiya

A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi ƙasar Zazzau, musamman kewayen Anchau. Ƙudan tsando ne ke yaɗa shi: yana laɓewa a inuwar kurmin rafi, daidai mashayar mutane, ya tsotsi jinin majinyaci ya kai wa mai lafiya. Allura kaɗai ba ta wadatar ba, domin wanda ya warke rafin nan zai koma. Daga 1937 gwamnatin mulkin mallaka, da jagorancin masanin ƙwari T. A. M. Nash, ta sa aka sassabe bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi dubban mutane daga gidajen kakanninsu, abin da ba ƙaramin rashi ba ne ga manomi. Sabon garin da aka gina kusa da Anchau aka raɗa masa suna Takalafiya.