Tarihin Cinikin Katako Tsakanin Ƙasashe da Yadda Ya Iso Dutse

Ƙasar Dutse ba ta taɓa zama gidan katako ba. Kafin zuwan Turawa, da azara magina suke rufin soro, wato giginyar da aka tsaga, domin gara ba ta cinta da wuri. Masassaƙa kuma da gatari da gizago suke sarrafa ƙirya da maɗaci, su fitar da turmi da akushi da ƙota. Katakon da inji ya tsaga baƙo ne a nan, daga kurmin kudu ya fito.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin Turawa suke kwasar gumaguman mahogani daga dazuzzukan Benin, a koro su ta ruwa zuwa Sapele, a loda wa jiragen Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, African Timber and Plywood, reshen kamfanin UAC, ya kafa katafariyar masana'anta a garin. Zaɓaɓɓen katako Turai yake tafiya, Arewa sai abin da ya saura. Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru ya ratsa Ringim da Malam Madori aka kammala shi a 1930. Dutse ba ta kan layin, saboda haka ta dogara da Kano, kuma har yau akwai dillalan Jigawa da ke saro kaya a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa.

A 1976 gwamnatin tarayya ta hana fitar da gumagumai waje, ganin daji ya ja baya ga kuma gine-ginen zamanin kuɗin fetur. Rufin kwano ya kori azara a hankali. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 Dutse ta zama babban birni, sai ofisoshi da gidajen ma'aikata suka buɗe wa katako kasuwar da garin bai taɓa gani ba. A wajen 'yan katako za ka ga kafinta ya ɗaga tubaifo, ya kanne ido ɗaya ya duba ko ya karkace, ya ƙwanƙwasa ya ji ko ɗanye ne, sannan a shiga ciniki. Kafin a ɗora shi kan gini sai an shafe shi da baƙin mai saboda gara.

Wani kason kayan ba ya tsayawa a Jigawa, yana ƙetarawa Nijar ta Maigatari zuwa Damagaram. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya taɓa wannan hanya.

Babi mafi ciwo shi ne na madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira kosso. Masu kayan ɗaki na alfarma a Sin suka buɗe mata baki, aka afka wa dazuzzukan Kogi da Taraba da injin sara, ana cika kwantena zuwa tashar Legas. Itace ne mai jinkirin girma, makiyaya kuma da ganyensa suke ciyar da shanu da rani, amma cikin 'yan shekaru aka kusa share shi. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa shi cikin itatuwan da sai da izini ake fitarwa daga Janairun 2017, sannan a 2018 aka dakatar da cinikinsa daga Najeriya.