Fort Jesus, Ganuwar da Ke Gadin Bakin Mombasa

Tsoro ne ya sa aka gina ta. Sau biyu tsakanin 1585 da 1589 wani kwamandan jiragen ruwan Turkawa, Mir Ali Bey, ya sauko gabar Afirka ta Gabas, garuruwan Sawahili da dama suka yi masa lale marhabin. Turawan Fotugal suka ga hanyarsu ta zuwa Indiya tana neman kuɓuce musu. A 1593 suka aza harsashin ganuwa a bakin tsohuwar tashar jiragen tsibirin Mombasa, a Kenya ta yau, suka raɗa mata suna Fort Jesus. Wani ɗan Italiya, Giovanni Battista Cairati, shi ya zana ta, aka kammala a 1596. Zane dai na Bature ne, amma yawancin hannuwan da suka sari dutsen na mutanen gabar ne.

Dutsen kuwa murjani ne, a kan tudunsa aka kafa ginin. In ka shafa bango a inda yaɓe ya zube, kaushinsa zai karce maka tafin hannu. Akwai wani lungu da aka sassaƙa cikin dutsen, yana gangarawa har bakin ruwa. Wanda ya tsaya a ciki zai gane yadda mutanen da aka tsare a sama suke samun ɗan abin sawa a baka daga teku.

Jini ya fara kwarara da wuri. A 1631 Sarkin Mombasa Yusuf bin Hasan, wanda Fotugal suka rena a Goa ta Indiya suka mai da shi Kirista, ya shiga ganuwar ya kashe kyaftin ɗinta, ya koma Musulunci. Amma babban tashin hankalin shi ne na Maris 1696, lokacin da rundunar Imamin Oman, Saif bin Sultan, ta yi mata ƙawanya har wata 33. Annoba ta fi igwa ɓarna. A 1697 Turawan ciki suka ƙare, wani basaraken Sawahili daga garin Faza, Bwana Daud, ya riƙe ganuwar da 'yan tsirarun mutanensa har gudummawa ta iso. Abin yana ci mini rai yadda ake ba da labarin nan kamar faɗan Fotugal da Larabawa kaɗai, alhali Sawahilawa ne suka fi yawa cikin waɗanda suka mutu a bayan bangon. A Disamba 1698 ganuwar ta faɗi.

Daga nan sai ta riƙa sauya iyayen gida. Fotugal suka dawo a 1728, shekara ɗaya kacal. Zuri'ar Mazrui, Larabawa 'yan asalin Oman, suka mallake ta kusan ƙarni guda, Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya karɓe a 1837, Turawan Ingila suka mai da ita kurkuku daga 1895 zuwa 1958.

Rayuwarta ta yanzu ta soma ne da fitar fursunoni. Masanin tono kayan tarihi James Kirkman ya shafe shekaru yana haƙa a cikinta, gidauniyar Gulbenkian ta Fotugal ta ba da kuɗin gyara, aka buɗe gidan tarihi. A can ake ajiye tangaran na Sin da tukwane da kayan jirgin Santo António de Tanná, wanda ya nutse a gaban ganuwar a 1697 yana ƙoƙarin kawo ɗauki. A 2011 UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani guntun bango ne da matuƙan jiragen Fotugal suka yi wa zane da baƙi da ja: jiragen ruwa, kifaye, mutane riƙe da makamai. A waje kuwa igiyar ruwa ta daɗe tana cin gindin tudun, har sai da aka gina katanga a bakin teku don tare ta.