Daga Kanta Zuwa Allon Kwamfuta: Wa Ke Riƙe da Takardun Gwamnatin Amurka?

A watan Oktoba na 2001, 'yan makonni bayan harin 11 ga Satumba, ɗakunan karatu da dama a Amurka suka sami wasiƙa daga Ma'aikatar Ɗab'i ta Gwamnati, wadda aka fi sani da GPO. Wasiƙar ta umarce su da su lalata wani faifan CD da hukumar binciken ƙasa ta USGS ta wallafa a kan wuraren da manyan garuruwa ke samun ruwan sha, don gudun kada bayanan su faɗa hannun 'yan ta'adda. Ɗakunan karatun sun bi umarnin, domin a doka faifan mallakar gwamnati ne. Amma kafin a kawar da shi sai da aka rubuta wasiƙu, ma'aikatan ɗakunan karatu suka yi ta muhawara, jaridu kuma suka ɗauki labarin. Dalilin wannan wahala shi ne wani tsari da ya kusa cika shekara 200 a lokacin.

Tushen tsarin yana komawa ne zuwa 1813, lokacin da Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da ƙuduri cewa a riƙa aika kwafin takardunta zuwa jami'o'i da kwalejoji da ƙungiyoyin tarihi. Hujjar ita ce talakan da ke zaɓen wakilai yana da haƙƙin karanta abin da suka yi da sunansa, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka Washington ba. A 1861 aka buɗe GPO, sannan dokar ɗab'i ta 1895 ta ɗora mata aikin rarraba takardun da fitar da jerin sunayensu duk wata. Yarjejeniyar ba ta da sarƙaƙiya: gwamnati ta ba ɗakin karatu takardu kyauta, shi kuma ya adana su, ya bar kowa ya karanta ba tare da biyan ko sisi ba.

Dokar 1962 ta ƙara wa tsarin ƙarfi. Ta ware wasu manyan ɗakunan karatu, waɗanda ba za su wuce biyu a kowace jiha ba, ta wajabta musu karɓar duk abin da aka rarraba da kuma ajiye shi har abada. Sauran suna zaɓar abin da ya dace da jama'arsu, kuma suna iya rabuwa da shi bayan shekara biyar. Ta haka rahoto guda ya kan kasance a wurare masu yawa, a hannun mutanen da ba ma'aikatan gwamnatin tarayya ba ne. Shugaban da bai ji daɗin abin da rahoton ya ƙunsa ba, ba shi da hanyar ɓatar da shi a ɓoye.

Zuwan kwamfuta ya sauya lissafin. A watan Yuni na 1993 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta umarci GPO ta sanya manyan takardun gwamnati a intanet, kuma a 1994 aka buɗe shafin GPO Access, ɗauke da jaridar dokokin tarayya da bayanan zaman majalisa. Da farko sai mutum ya biya kuɗi, in ban da wanda ya je ɗakin karatun da ke cikin tsarin. Bayan matsin lamba daga ma'aikatan ɗakunan karatu da masu rajin buɗe ayyukan gwamnati, aka soke kuɗin a watan Disamba na 1995.

A wancan zamani gidaje ƙalilan ne ke da intanet, saboda haka ɗakin karatu ya zama ƙofar shiga. Dokar sadarwa ta 1996 ta samar da rangwamen kuɗin intanet ga makarantu da ɗakunan karatu, gidauniyar Bill Gates kuma ta fara raba musu kwamfutoci a 1997. Aikin ma'aikacin ɗakin karatu ya faɗaɗa: wanda a da yake nuna wa mutum kantar da littafi yake, yanzu shi ke zaunar da tsoho ya cika takardar fansho, ko ya taimaki wanda ya rasa aiki ya nemi tallafi.

Ba wanda zai musa ribar da aka samu. Dokar da a da sai an jira a buga ta, a aiko ta gidan waya, yau ana karanta ta a ranar da ta fito. Shafin FDsys ya biyo bayan GPO Access a 2009, govinfo kuma ya karɓi ragama gaba ɗaya a 2018. A 2023 GPO ta amince da shawarar mayar da tsarin na intanet kusan kacokan, ta rage abin da ake bugawa a takarda zuwa 'yan kaɗan.

Sai dai an yi asarar wani abu a hanya. Galibin abin da ɗakin karatu ke riƙe da shi yanzu adireshin takarda ne, ita kuwa takardar tana zaune a kwamfutar hukumar da ta rubuta ta. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. A watan Oktoba na 2013, da rikicin kasafin kuɗi ya tsayar da ayyukan gwamnati na kwana 16, shafukan hukumar ƙidaya da na NASA sun rufe, masu bincike suka rasa madafa. A farkon 2025 dubban shafukan gwamnati, har da na hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC, suka ɓace cikin 'yan kwanaki sakamakon umarnin Shugaba Donald Trump, sai da wani alƙali ya ba da umarnin dawo da wasu daga cikinsu.

Ɗakunan karatu sun hango wannan matsala tun da wuri. A 1997 Jami'ar Arewacin Texas ta haɗa kai da GPO wajen adana shafukan hukumomin da aka rushe. Tun daga 2008 kuma, duk lokacin da wa'adin shugaban ƙasa zai ƙare, wasu cibiyoyi, ciki har da Internet Archive, kan haɗu su kwafe shafukan gwamnati kafin sabuwar gwamnati ta taɓa su. Dokar Amurka ta sauƙaƙa musu aikin, domin abin da gwamnatin tarayya ta wallafa ba shi da haƙƙin mallaka, kowa na iya kwafarsa. Amma wannan aiki ya dogara ne ga himmar cibiyoyin da kuɗin da suka samu, saɓanin ajiyar takarda da dokar 1962 ta wajabta.

Tambayar ba ta tsaya a Amurka ba. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 a Nijeriya ta wajabta wa hukumomin tarayya miƙa kwafi 25 na duk abin da suka buga, kuma an rubuta ta ne a zamanin da bugawa ke nufin tawada da takarda. Duk gwamnatin da ta ce ta sanya bayananta a intanet ta cancanci yabo, amma ya kamata a biyo yabon da tambaya: ban da ita, wa ke riƙe da kwafi?