Awon albarushi: abin da tarihi ya bar wa maharban Adar

Duk wanda ya tashi a karkarar Illela ko Konni ya taɓa ganin tsohon maharbi zaune gindin icce yana ɗura bindigarsa. Ni ma na ga haka ina yaro, wajen wani dattijon unguwarmu. Yakan zuba albarushi, ya bi shi da tsumma, ya danna da sandar ɗuri, sa'an nan ya ɗora yatsunsa a kan abin da ya saura na sandar a waje domin ya san yawan ɗurin. Bai taɓa riƙe sikeli ba, amma awon da yake yi wa zabuwar daji dabam ne da wanda yake yi wa barewa. Wannan ilimi na awo yana da tarihi, kuma ya kamata malamai su san shi.

Kalmomin kansu suna nuna hanyar da abin ya biyo. Bindiga, albarushi da harsashi duk aro ne daga Larabci, alama ke nan cewa ta Hamada labarinsu ya fara iso mu. A ƙasar Sin aka ƙago albarushi wajen ƙarni na 9, kuma haɗinsa abu uku ne: wani irin gishiri da ke ciyar da wuta, da gawayi, da farar wuta. A yankinmu, Mai Idiris Aloma na Barno ya samo ƴan bindiga daga Turkawa cikin ƙarni na 16, kuma a 1591 rundunar Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi da ƙarfin bindiga.

Duk da haka, bindiga ta daɗe tana baƙuwa a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaronsa. A 1826 kuwa Baturen Birtaniya Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Gobirawa, ya kuma ƙirga bindigogi 42 kacal cikin dubban mayaƙa. A nan Adar, inda zuriyar Agabba ke riƙe da sarauta a Illela, doki da takobi da baka su ne makaman da aka dogara gare su. Dalili shi ne tsada: bindigogin da ake ƙerawa a Birmingham da Liège sai sun sauka gaɓar teku, sun ratso ƙasar Yarabawa da Nufe kafin su iso arewa, albarushin kuma haka.

A Damagaram ne aka fi ƙoƙarin fita daga wannan dogaro. Sarki Tanimun, wanda ya mulki Zinder daga 1851 zuwa 1884, ya sa an riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin birninsa, har masana tarihi suka ƙiyasta masa bindigogi 6000 da igwa 40. Amma wannan ƙarfin fada ne. Talaka maharbi saye yake yi kaɗan-kaɗan, yana adanawa cikin ƙaho ko ɗan gora. Wanda ya san wuyar samun abu ba ya ɓarnar sa, saboda haka awo ya zama rabin sana'a.

Me maharbi ke dubawa? Da fari ƙwayar albarushin: mai laushi yana cin wuta da sauri, mai gautsi kuwa a hankali, shi ya sa doguwar bindiga mai faɗin baki ta fi son mai gautsi. Na biyu, raɓa: albarushi yana shan danshi, wanda ya tashi tsaf da hunturu yana iya ƙin tashi da damina. Na uku, nauyin abin da za a harba, darma ce ko guntayen ƙarfe. Na huɗu, ƙarfin bututun kansa, domin kowace bindigar maƙera da halinta. In ɗuri ya yi kaɗan, dabba ta tafi da rauni. In ya yi yawa, bututu ya fashe a hannun mai shi. Tsakanin waɗannan biyu ne ubangida ke koya wa yaronsa tsayawa, shekara da shekaru.

Yayin da muke nan, Turai ta canza hanya. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya ƙago albarushi marar hayaƙi, kuma a 1887 sojan Faransa suka karɓi bindigar Lebel mai aiki da shi. Sa'an nan a ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar wa mutanen galibin Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu dutsen ƙyastu da albarushin kasuwa. An ce don hana cinikin bayi aka yi ta, amma ta kuma tabbatar da cewa makami mai kyau yana hannu guda. Sakamakon bai daɗe ba. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a watan Mayu kuma ta ƙone Birnin Konni, ta hallaka jama'a masu yawa. A ranar 15 ga Maris 1903 Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi.

Daga nan bindigar toka, wadda ake yi wa kirari da harba-ka-ruga, ta bar fagen fama ta koma ta farauta, da tsaron gona, da bukin salla. Maƙera suka ci gaba da ƙera ta, har da bututun ƙarfe da ba don wannan aiki aka yi shi ba. A nan ne haɗarin yau yake. Albarushin da ke cikin harsashin zamani ba irin na kakanninmu ba ne: ƙarfin da yake bugun bututu da shi ya ninka na baƙin albarushi, kuma awon yatsa ba ya aiki a kansa. A ƙasashen da maharba ke ɗura harsashinsu da kansu, da sikeli mai auna abin da bai kai giram ba suke aiki, suna bin ƙa'idar da masana'antu suka gwada. Saurayin da ya farke harsashi ya juye cikinsa a bindigar maƙera ya haɗa zamani biyu da ba sa haɗuwa. Na koyar da wani ɗalibi da ya dawo hutu da yatsu uku a hannun dama ta wannan hanya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yau namun daji sun ƙaranta a Adar da kwarin Majiya, kuma tun 29 ga Afrilu 1998 Nijar ta kafa doka mai lamba 98-07 kan farauta da kare namun daji. Ba kira nake a koma daji ba. Kirana ga ƙungiyoyin al'adu da ƴan'uwana malamai shi ne mu je wajen tsofaffin maharba da maƙera tun suna raye, mu rubuta sunayen sassan bindiga, da kalmomin awo, da ladubban da suke gindaya wa yaro kafin su yarda ya taɓa kunama. Bindigar tana iya shiga gidan tarihi, amma darasin da ke tare da ita, wato sanin iyakar ƙarfin abin da ke hannunka, ɗiyanmu suna bukatar sa. Allah ya sa mu dace.